Tsohon Layin Dogo: A Bar wa Jama'a Ko a Mayar wa Masu Gona?

A shekarar 1916, tsawon layukan dogo a Amurka ya kai kimanin mil 254,000, kuma daga nan bai sake ƙaruwa ba. Motocin ɗaukar kaya da manyan tituna da jiragen sama suka yi ta janye fasinja da kaya daga hannun jirgin ƙasa, kamfanoni suka riƙa karyewa, wasu suka haɗe da juna suka watsar da layukan da ba sa kawo riba. Yau abin da ya rage yana aiki bai wuce mil 140,000 da wani abu ba. Sauran kuwa ƙasa ce doguwa siririya, ta ratsa gonaki da dazuzzuka da tsakiyar garuruwa, da gadojinta da ramukan da aka huda cikin duwatsu, ba jirgi ba dalilinsa. Wannan ƙasa ita ce ake jayayya a kanta fiye da shekara hamsin. Manomin da layin ya raba gonarsa biyu yana cewa a mayar masa da abinsa. Mai kishin sufuri yana cewa kada a taɓa ƙarfe ko ɗaya, jirgi zai dawo. Mutanen gari kuma suna cewa a share, a daddaɓe, a mayar da wurin turbar masu tafiya a ƙasa da masu keke. Ra'ayina shi ne masu turba sun fi gaskiya, amma hujjar da suka fi ɗaga murya a kanta ba ita ce mafi ƙarfi ba, kuma abokan hamayyarsu suna da haƙƙin da ba a isa a take ba.

Tunanin ya faro ne daga talakawan gari kafin gwamnati ta shigo. A 1963 wata malama mai nazarin tsirrai, May Theilgaard Watts, ta rubuta wa jaridar Chicago Tribune wasiƙa tana kira da a mayar da wani mataccen layi da ke yammacin birnin hanyar ƙafa, kuma daga wannan kira aka samu turbar Illinois Prairie Path. A jihar Wisconsin, gwamnati ta sayi layin da ya haɗa garin Elroy da Sparta, mai tsawon mil 32 da ramukan dutse uku, ta buɗe shi ga jama'a a 1967. Da aka sassauta dokokin kula da kamfanonin jirgi a 1980, watsi da layuka ya ƙara sauri, har abin ya dami Majalisar Dokoki. Sai a 1983 ta yi wa dokar turbobin ƙasa gyara, ta shigo da tsarin ajiyar layi. Ga yadda yake: kamfanin da ya gaji da layi zai iya miƙa shi ga jiha ko ƙaramar hukuma ko wata ƙungiya, a kwashe ƙarafa, a yi turba, amma a idon doka layin bai mutu ba, ajiye shi aka yi har ranar da jirgi zai buƙace shi. A 1986 aka kafa ƙungiyar Rails-to-Trails Conservancy don tura wannan aiki gaba, kuma yanzu irin waɗannan turbobi sun haura mil 25,000 a faɗin ƙasar.

Hujja ta farko ta masu goyon baya tana cikin yadda aka gina layin tun asali. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, ba ya iya kwana mai kaifi, saboda haka injiniyoyin da suka shimfiɗa masa hanya sun riga sun yanka tuddai, sun cike kwari, sun ɗora gadoji a kan koguna. Wanda ya gaji wannan hanya ya gaji aikin da ba wata ƙaramar hukuma da za ta iya biyan kuɗinsa yau. Sakamakon shi ne hanya shimfiɗaɗɗiya wadda tsoho mai sanda da yaro mai koyon keke da mai keken guragu da mai jego da ke tura jaririnta duk za su bi ba tare da haki ba, kuma ba mota a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, amma shawara ba ta amfanar wanda ba shi da wurin da zai taka ba tare da fargabar a buge shi ba. A ƙasar da aka tsara unguwanni da yawa don mai mota, har wasu titunan ba su da gefen masu ƙafa, hanya kyauta wadda ta bi ta bayan gidaje ta kai makaranta da kasuwa da tasha babban abu ce. Tun da layin dogo yakan shiga har cibiyar gari, turbar ba ta shaƙatawa ba ce kawai, hanyar zuwa aiki ce ga wanda ba shi da abin hawa.

Hujja ta biyu ita ce ta ciniki, kuma ita aka fi yayatawa. Turbar Great Allegheny Passage, wadda aka kammala a 2013, ta tashi daga Pittsburgh zuwa Cumberland, mil 150, inda ta haɗu da tsohuwar hanyar gefen mashigin ruwa ta C&O wadda ke kaiwa har Washington. Garuruwan da ta ratsa, irin su Connellsville da Confluence da Meyersdale, yawancinsu da kwal da katako da jirgi suka rayu, da waɗannan suka ja baya sai matasa suka watse. Yau matafiyi a kan keke yana kwana uku ko huɗu a hanya, kuma dole ya ci, ya sha, ya kwana, ya gyara tayarsa, duk a waɗannan garuruwa. Haka abin yake a turbar Katy ta jihar Missouri mai tsawon mil 240, wadda aka samu bayan ambaliyar 1986 ta lalata layin, wani attajiri mai suna Ted Jones da matarsa suka ba da dala miliyan 2.2 aka karɓi filin aka fara aiki, aka buɗe sashen farko a Rocheport a 1990. Sai dai adalci ya sa a faɗi iyakar wannan hujja. Aikin masauki da gidan abinci na kaka ne, da sanyi ya shigo sai baƙi su ɗauke ƙafa, kuma albashinsa bai kai na ma'aikacin ma'adinai ko na jirgi da aka rasa ba. Turbobin da ke jan baƙi daga nesa ƙalilan ne, masu tsawo da kyan gani. Wanda ya yi wa ƙauye alkawarin arziki saboda mil biyar na tsakuwa ya yaudare shi.

Yanzu sai ƙorafin masu ƙasa, wanda shi ne mafi tsufa kuma mafi nauyi a shari'a. A wurare da yawa kamfanin jirgi bai sayi ƙasar ba tun farko, izinin wucewa kawai ya samu, bisa sharaɗin cewa ranar da jirgi ya daina bi, fili ya koma hannun mai shi ko magadansa. Manomi ya yi haƙuri da jirgi shekara ɗari, kakansa ya yi, ubansa ya yi, ga shi ranar da alkawari ya cika sai a ce masa wata sabuwar doka ta ce layin bai mutu ba, kuma maimakon jirgi ɗaya a wuni zai ga baƙi ɗari suna ratsa tsakiyar gonarsa. Yana tsoron a bar masa ƙofar shinge a buɗe shanu su fita, yana tsoron shara da karnuka da ɓarayi, yana tsoron a hana shi feshin magani saboda masu wucewa. Iyalin Preseault na jihar Vermont sun kai wannan ƙara har Kotun Ƙoli. A 1990 kotun ta ce Majalisa tana da ikon yin dokar ajiyar layi, amma ta bar wa masu ƙasa ƙofar neman diyya, kuma daga baya wata kotun tarayya ta tabbatar cewa an ƙwace wa iyalin haƙƙinsu, dole a biya su. A 2014, a shari'ar iyalin Brandt na jihar Wyoming, alƙalai 8 cikin 9 suka yanke cewa filin da aka ba kamfanoni a ƙarƙashin dokar 1875 izinin wucewa ne kawai, wanda ke faɗuwa idan an yi watsi da layin.

Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma masu son turba sun yi kuskure duk lokacin da suka ɗauki manomi a matsayin mai son kai da ke tare wa jama'a alheri. Amma abin da ƙorafin ya tabbatar shi ne wajibcin diyya, bai tabbatar da cewa a fasa turba ba. Kowace gwamnati tana karɓar fili don titi da makaranta da madatsar ruwa, sharaɗin kawai shi ne amfanin ya zama na jama'a kuma a biya mai shi daidai ƙimar abinsa. Aibin tsarin Amurka shi ne ba a biya tun farko: sai mai gona ya ɗauki lauya, ya yi shekaru yana zirga-zirga a kotu, sannan baitulmalin tarayya ya biya shi da kuɗin ruwa da na lauyoyi, abin da ya fi tsada ga kowa. Da an ƙiyasta diyya tun ranar da aka ajiye layi, da rabin gabar ba ta taso ba. Batun tsoron laifi kuwa, abin da aka gani a aikace ya sha bamban da abin da aka yi hasashe. A 1987 hukumar birnin Seattle ta binciki turbar Burke-Gilman, ta tambayi maƙwabta da 'yan sanda da dillalan gidaje, ba ta sami ƙaruwar fasa gidaje saboda turbar ba. Hankali ma ya yarda da haka, domin kangon layi da ciyawa ta rufe ya fi zama maɓoyar ɓata-gari a kan hanyar da mutane ke kai da kawowa safe da yamma. Sauran damuwar manomi, shinge da mashigar tarakta da ƙofofin dabbobi, abubuwa ne da kuɗi kaɗan da zama a tattauna ke warwarewa.

Ƙorafi na biyu ya fi wuyar amsawa, kuma daga masu kishin jirgi yake fitowa. Suna cewa sunan ajiya yaudara ce, domin cikin ɗaruruwan layukan da aka ajiye tun 1983, ƙalilan ne jirgi ya koma kansu. Da zarar an kwashe ƙarfe, an dasa itatuwa, mutane sun saba da yawon la'asar, sai turbar ta haifi rundunar masu kare ta, kuma su ne za su fara tare hanya ranar da aka ce jirgi zai dawo. Suna da misalai. A jihar Maryland, lokacin da aka tashi gina layin jirgin cikin gari na Purple Line a kan tsohon reshen Georgetown, wata ƙungiyar masoya turbar ce ta shigar da ƙara a 2014, aikin ya yi ta jinkiri. A Ingila, turbar da ƙungiyar Sustrans ta gina tsakanin Bristol da Bath daga 1979 zuwa 1986 ta shiga ran mutane har da aka kawo shawarar bi da motocin bas masu sauri ta wani sashenta a 2008, zanga-zanga ta sa aka janye. Jirgi ɗaya yana ɗaukar abin da manyan motoci da dama ke ɗauka, yana kai ma'aikaci nisan da keke ba zai kai shi ba. A zamanin da duniya ke neman rage hayaƙi, in ji su, musayar layin dogo da wurin motsa jiki asara ce babba. Mutanen gundumar Santa Cruz ta California sun karɓi wannan hujja a 2022, inda suka kayar da ƙudurin da ke neman a ba turba fifiko a kan jirgi da gagarumin rinjaye.

Inda akwai kyakkyawan zaton jirgi zai yi aiki nan kusa, ina tare da su, kuma mutanen Santa Cruz ba su yi wauta ba. Amma a mafi yawan wurare zaɓin da ke gaban jama'a ba tsakanin jirgi da turba yake ba, tsakanin turba da wargajewa yake. Darajar layin dogo tana cikin kasancewarsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Kamar burtali yake: idan mutum ɗaya ya nome tsakiyarsa, wani ya kafa gida a gaba, to duk tsawonsa ya tashi daga aiki, ko da sauran na nan. Ingila ta ɗanɗana wannan. Bayan rahoton Beeching na 1963, wanda ya ba da shawarar rage layukan dogo, an rufe dubban mil na layuka, an sayar da filayen gunduwa-gunduwa. Layin da ya haɗa Oxford da Cambridge, wanda aka dakatar da jigilarsa a ƙarshen 1967, an yi gine-gine a kan sashensa na gabas, har da na'urorin hangen sararin sama na jami'a, shi ya sa masu son farfaɗo da shi yau dole su nemi sabuwar hanya ta cikin gonaki da ƙauyuka, da tsada da rigima. A gwada wannan da garin Denton na jihar Texas, inda aka ajiye layi aka yi turba, sannan a 2011 jirgin fasinja ya dawo kan filin, turbar kuma tana nan a gefensa. Ko a Maryland ɗin, jirgin ya sami hanya ne domin gundumar Montgomery ta sayi layin a 1988 ta riƙe shi. Shawo kan masu keke su matsa gefe abu ne mai wuya, amma rushe gidaje ɗari ya fi shi wuya nesa ba kusa ba. Wannan ce hujjar da nake ganin ta fi kowace ƙarfi: turba tana sa wa fili mai gadi, tana sa a riƙa duba gadoji da magudanan ruwa, tana barin zaɓi a buɗe ga 'ya'ya da jikoki.

Ƙorafi na uku sabo ne, kuma daga cikin birane ya taso. Tsofaffin layukan kaya sun fi ratsa unguwannin ma'aikata da na baƙar fata da na baƙi 'yan ci-rani, inda haya ke da sauƙi daidai saboda ƙarar jirgi da hayaƙin masana'antu. Da aka ƙawata wurin, sai masu kuɗi suka hango shi. A New York, gadar jirgin High Line da aka mayar lambu a 2009 ta jawo dogayen benaye masu tsadar da tsofaffin mazauna ba sa ko tunkara. A Chicago, turbar 606 mai tsawon mil 2.7 ta buɗe a 2015, kuma binciken jami'ar DePaul ya nuna farashin gidaje a sashenta na yamma, inda iyalai masu ƙaramin ƙarfi 'yan asalin Latin Amurka suka fi yawa, ya tashi da kusan rabi cikin 'yan shekaru. A Atlanta, Ryan Gravel, wanda tunanin zoben turbar BeltLine mai mil 22 ya fito daga kundin digirinsa na 1999, ya ajiye kujerarsa a hukumar ƙungiyar da ke tallafa wa aikin a 2016, saboda ganin an yi sakaci da alkawarin gidaje masu rahusa. Tambayar masu wannan ƙorafi tana da zafi: wane irin amfanin al'umma ne wannan, idan al'ummar da aka yi wa alkawari ita ce ta kwashe kayanta kafin itatuwan su yi inuwa?

Ba na ganin amsar ita ce a bar unguwar talaka da kango da ƙazanta don kada haya ta tashi, domin wannan hukunci ne na cewa marar ƙarfi bai cancanci abu mai kyau ba. Tashin farashi shaida ce cewa turbar tana da daraja, matsalar ita ce aljihun da darajar ke shiga. Kuɗin jama'a ne ya yi aikin, amma dillalin da ya riga kowa sayen filayen gefe shi ke kwashe riba. Magani yana hannun hukuma, kuma lokacinsa kafin a fara aiki ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A sayi filayen gefen layi tun suna da araha a keɓe su don gidajen masu ƙaramin ƙarfi, a sassauta harajin gida ga tsofaffin mazauna, a ɗora wa masu manyan gine-gine sharaɗin ware wani kaso. Chicago ta dakatar da rushe gidaje a kusa da 606 a 2020, daga baya ta sa tara a kan rushewar, amma shekara biyar bayan buɗewa, lokacin da iyalai da yawa sun riga sun tashi. Haka nan kuɗin kula da turba dole a tanade shi tun farko, domin gada mai shekara ɗari tana cin kuɗi, kuma ƙaramar hukumar da ta karɓi kyautar gini ba tare da kasafin gyara ba ta ɗauki bashin da ba ta sani ba.

Wannan muhawara tana da abin da za ta ce mana a nan gida. Ƙaramin layin da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don jigilar kuza, wanda aka kammala a 1914, an rufe shi a 1957, kuma babu wani tsari da aka yi na riƙe filinsa a dunƙule. Rassan Ƙaura Namoda da Nguru sun daɗe ba sa ganin jirgi a kai a kai, ga kuma sababbin layuka masu faɗi da ake ginawa tun daga na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, abin da zai tilasta a yanke shawara kan makomar tsofaffin. Buƙatarmu ta farko jirgi ce, don hatsi da dabbobi da fasinja, kuma ba na kiran a cire ƙarfe ko ɗaya. Amma duk wanda ya san yadda rumfuna da gine-gine ke cin gefen dogo a biranenmu ya san cewa filin da ba a amfani da shi ba ya daɗewa a hannun jama'a.

Hukuncina shi ne mayar da mataccen layi turba ya fi barinsa ya wargaje, a kan sharuɗɗa uku. A biya mai ƙasa haƙƙinsa ba sai ya je kotu ba. A kare mazauna unguwa kafin a kira ɗan kwangila. A kuma rubuta a fili, kowa ya sani tun ranar buɗewa, cewa idan jirgi ya dawo shi ke da hanya, turba ta koma gefe. Hukumar da ta cika waɗannan ta yi wa mutanenta na yau hidima, ta kuma adana wa na gobe dukiyar da ba a sake haɗa ta idan ta tarwatse. Wadda ta tsallake su kuwa, kada ta yi mamaki idan manomi da ɗan haya da mai jiran jirgi suka haɗa kai suka tsaya mata a gaba, domin kowannensu yana da gaskiyarsa.